Haɗe Makarantu a Jibiya: Wa Ke Yankewa, Kuma Yaushe Za a Raba?

Duk wanda ya saba bin hanyar Katsina zuwa Maraɗi ya san Jibiya da kasuwarta ta ranar Lahadi, da kuma shingen Magama inda jami'an kwastan da na shige da fice suke, wanda daga shi sai Ɗan Isa a cikin Nijar. Labarin da jaridu suka fi ɗauka daga can bai cika wuce na shinkafa da fetur da rufe iyaka ba: an rufe a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, aka buɗe a Maris na 2024. Amma a cikin waɗannan shekarun an yi wani aiki a ƙaramar hukumar da babu wanda ya yanka masa ƙyalle, babu kuma majalisar da ta zauna a kansa. An haɗe makarantu. Ƙauye ya watse, yara su biyo iyayensu gari, a cusa su a ajin da dama ya cika, malamansu su biyo baya ko a ji an yi musu canjin wurin aiki, shi ke nan makarantu biyu ko uku sun koma ɗaya.

Abin ya fito fili ne daga daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara. Gari na wayewa Gwamna Aminu Bello Masari ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar. A ƙarshen Agustan 2021 ya sa hannu a kan umarnin tsaro da ya rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure, ya kuma hana ɗaukar mutum uku a babur, sannan aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi da dama har da Jibiya. A Maris na 2022 sojoji suka janye daga Shimfiɗa, mutanen garin suka kwararo Jibiya, aka sauke da yawansu a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta gwamnati. A nan haɗewar ta zama iri biyu: 'ya'yan baƙi suna neman aji, ajin kuma ya zama ɗakin kwana. A maƙwabciyarmu Kaduna ma, bayan sace ɗaliban Kuriga a Maris na 2024, gwamnatin Uba Sani ta ce za ta haɗe makarantu 359 da wasu da ke wuraren da suka fi aminci.

Ba na ganin laifin gwamnan da ya rufe makaranta a daren da aka sace yara. Wanda ya jira majalisa ta yi karatu na ɗaya da na biyu a irin wannan dare ya yi sakaci. Damuwata ita ce abin da ke biyo baya: umarnin da aka bayar don mako shida yakan kwana shekara shida, kuma babu wata rubutacciyar ƙa'ida da uba daga ƙauye zai riƙe ya ce da hukuma, ga abin da kuka ɗauka za ku yi wa ɗana.

Kafin a kai ga wannan, sai an san makarantar ta wace ce. Tsarin mulkin 1999 ya sa ilimi a jerin abubuwan da tarayya da jihohi duk suke iya yi wa doka. Jadawali na huɗu kuma ya ce ƙaramar hukuma tana da hannu wajen samar da ilimin firamare da kula da shi. Sai dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka fi sani da dokar UBE, ta zo ta ce shekara tara na farko, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne. Ta ware kashi 2 cikin 100 na babban asusun gwamnatin tarayya don tallafa wa jihohi, bisa sharaɗin jiha ta ajiye nata kason kafin ta karɓi na ayyuka. Ta ce kowace jiha ta kafa hukumar ilimin bai-ɗaya, wato SUBEB, kowace ƙaramar hukuma kuma a kafa mata hukumar ilimi, amma ta bar wa Majalisar Dokokin jiha ta tsara yadda waɗannan hukumomi za su kasance da abin da za su yi. Ma'ana, wuƙa da nama suna hannun 'yan majalisar da ke zama a Katsina.

Dokar ta 2004 ta yi magana a kan uban da ya ƙi kai ɗansa makaranta: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Ta yi magana a kan wanda ya karɓi kuɗi daga ɗalibi. Ta ma lissafa abincin rana a cikin abubuwan da yaro zai samu kyauta, tare da littattafai da kujeru da azuzuwa. Amma ba ta ce uffan a kan hukumar da ta ɗauke makarantar daga ƙofar gidan uban ta kai ta nisan kilomita goma ba. An ɗora wa uba dole, ba a ɗora wa hukuma nisa ba. Wannan giɓin shi ne gurbin dokar jiha.

A Amurka, inda aka fi daɗewa ana wannan muhawara, abin da ake haɗewa ba makarantu kaɗai ba ne, har da gundumomin ilimi. Gundumar ilimi a can hukuma ce mai zaman kanta, tana da zaɓaɓɓun wakilai, kuma mafi yawansu suna da ikon sa haraji a kan gidaje da filaye. A wajajen 1940 irin waɗannan gundumomi sun haura 100,000, yau kuwa ba su kai 14,000 ba, kuma dokokin jihohi ne suka yi wannan ragi. Jihar Arkansas ta yi doka a 2004 cewa duk gundumar da ɗalibanta ba su kai 350 ba sai ta haɗe da wata. Jihar Vermont a 2015 ta fara da lallashi, ta ce gundumomin da suka haɗe da kansu za su sami sauƙin haraji, daga baya ta tilasta wa waɗanda suka ƙi. An yi ta shari'a, an yi ta zanga-zanga, amma kowa ya san lambar dokar da yake faɗa da ita, kuma ya san kotun da zai je.

Mu a nan babu wannan. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ba ta da haraji, ba a zaɓen sakataren ilimi, naɗa shi ake yi, kuma iyakarta ita ce iyakar ƙaramar hukumar. Tunda sunayen ƙananan hukumomi a rubuce suke a cikin tsarin mulki, dokar UBE kuma ta ce kowace ɗaya da tata hukumar, Majalisar Katsina ba za ta wayi gari ta ce hukumar ilimin Jibiya da ta Batsari da ta Kaita sun zama ɗaya ba. Gadon ma tsoho ne. Tun dokar ilimi ta Arewa ta 1962 aka ɗora makarantun firamare a kan hukumomin ilimi na yanki, waɗanda suka tsiro daga jikin En'e, abin da ya sa har yau dattawa ke cewa makarantar Eliye. Sojoji suka yi ta juya abin: a 1988 aka kafa hukumar firamare ta ƙasa, a 1991 aka mayar wa ƙananan hukumomi, albashin malamai ya shiga halin ni-'yasu, a 1993 aka sake dawo da hukumar. Duk juyin da aka yi, iyakar hukumar ilimi ba ta motsa daga ta ƙaramar hukuma ba.

Yara kuwa sun motsa. Yaron da aka kore shi daga wani ƙauyen Batsari yana iya faɗowa Jibiya, na Jibiya yana iya ƙarewa a gefen birnin Katsina. Albashin malaman firamare daga kason ƙaramar hukuma ake cire shi, don haka ƙaramar hukumar da ƙauyukanta suka watse tana biyan malaman da yaransu suke wata ƙaramar hukumar, wadda ta karɓi baƙin kuma ba a ƙara mata ko sisi ba. Hukuncin Kotun Ƙoli na 11 ga Yuli 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, in har aka aiwatar da shi yadda yake, zai ƙara kaifin wannan tambaya, domin kowane ciyaman zai fara ƙirga yaran wa yake ciyarwa. Ba sai an haɗe hukumomin ba. Dokar jiha tana iya cewa malami da kuɗin ɗawainiya su bi yaro inda ya koma, SUBEB ta riƙe lissafin, a daidaita a ƙarshen kowane zango.

Masu goyon bayan haɗewa suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Makarantar ƙauye mai aji shida da malami biyu suna ce kawai. Malamin lissafi ɗaya ba zai rabu gida huɗu ba, amma in an tara yaran wuri ɗaya kowa zai same shi. Katanga ɗaya da maigadi da rijiyar burtsatse da banɗaki sun fi sauƙin samarwa a wuri guda fiye da wurare goma, kuma jami'an tsaron da ake da su, ko da an haɗa da askarawan da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a 2023, ba za su tsaya a ƙofar kowace makaranta ba. Wannan tunani ne ya sa Kashim Shettima, lokacin yana gwamna, ya gina manyan makarantu a Maiduguri don marayu da 'ya'yan 'yan gudun hijira. Akwai ma haɗewar da ta zama gyaran kuskure: bayan dokar 2004 an raba ƙaramar sakandare da babba, aka wayi gari firinsifal biyu a harabar makaranta ɗaya suna rigima a kan ɗakin gwaje-gwaje da filin ƙwallo, har jihohi da dama suka koma suna mayar da su ƙarƙashin shugaba ɗaya.

Sai dai a shiga makarantar da aka haɗe a gani. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare. A ajin da ya karɓi baƙi, bencin mutum uku yana ɗaukar biyar, sauran suna ƙasa tun daga bakin allo har bakin ƙofa, malami ba shi da inda zai taka ya je ya duba littafin na baya. Kiran suna kaɗai yana cinye rabin darasin farko. Kayan makaranta launi biyu ne ko uku, wasu ma da kayan gida, don haka kowa ya san ɗan gari ya san baƙo, kuma in faɗa ya tashi a lokacin tara an san yadda za a rabu. In abin ya yi yawa sai a raba zama, na safe da na rana, baƙi su ne na rana, lokacin da zafi ya yi zafi malami kuma ya gaji. A ofis hedimasta biyu ne da teburi ɗaya. Ɗaya yana da makaranta, ɗayan yana da hatimi da rajista a cikin jaka.

Uba ya zo ya tsaya bakin ofis ya ce, “Malam, ni dai ina son in ji, yarinyar nan tana nan ke nan, ko za a mai da su gida?” Hedimasta ya ce, “Wallahi Baba, mu ma jira muke mu ji daga sama.” Uban ya yi godiya ya tafi. Shi kam ya gama lissafinsa: kuɗin babur zuwa da dawowa kullum, ga hanya ba amana, ga yarinya ta fara girma. Namiji zai iya jurewa, ko ya faɗa dakon kaya a bakin iyaka in ya gaji. Ita kuwa daga talla sai aure. Katsina tana cikin jihohi bakwai na farko da Bankin Duniya ya sa a shirin AGILE na 2020 don 'yan mata su tsaya a sakandare, kuma ɗaya daga cikin manyan ayyukan shirin shi ne kusanto da makaranta ga yarinya. Abin mamaki ne a ce ana ciwo bashi don a rage nisa, a ɗaya hannun kuma ana ƙara shi da sanarwar rediyo.

Batun tsaron ma yana da baki biyu. A Chibok, a Afrilun 2014, an rufe makarantun yankin, aka tara 'yan mata wuri ɗaya don rubuta jarrabawa, a nan aka same su. Tara yara ɗari biyar a bayan katanga ba tsaro ba ne sai in akwai mai tsaron. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar kare makarantu ta duniya, ta kuma fitar da manufar tsaron makarantu a 2021, amma manufa shawara ce, ba a kai gwamnati ƙara a kanta.

Jihar Osun ta nuna abin da ke faruwa in aka haɗe ba a tambayi masu makaranta ba. A 2013 gwamnatin Rauf Aregbesola ta sake fasalin makarantun jihar, ta haɗe da yawa, ta gauraya maza da mata a makarantun da a da na jinsi ɗaya ne, ta sa kowa kaya iri ɗaya, wasu tsofaffin sunaye suka ɓace. Rikicin hijabi ya ɓarke a makarantar Baptist ta Iwo, tsofaffin ɗalibai da coci-coci suka tayar da ƙayar baya. A 2020 magajinsa Gboyega Oyetola, ɗan jam'iyyarsu ɗaya, ya warware yawancin tsarin. Shekara bakwai ana kai gwauro ana kai mari da yaran mutane. Sin ma ta yi irin nata da girma: daga 2001 ta rufe makarantun ƙauye masu ɗimbin yawa ta tara yara a garuruwa, sai a 2012 gwamnatin tsakiya ta taka birki, bayan ta ga nisan hanya da haɗurran motocin ɗalibai da yaran da ke barin karatu. Indiya kuwa tun farko ta rubuta nisan a ƙa'idojin dokarta ta 2009: kilomita ɗaya ga ƙananan azuzuwa, uku ga na sama.

Jibiya tana da wata matsala da Osun ba ta da ita. Wani lokaci makarantar da ta fi kusa da yaro tana wata ƙasa. Mutanen ɓangarorin biyu dangi ne, sarautar Maraɗi ma ai ta Katsina ce da ta ƙaura bayan jihadi. Tun 2019 dubban mutane daga Katsina da Zamfara da Sakkwato suka tsallaka jihar Maraɗi, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsugunar da wasu a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori. Yaron da ya shiga lakwal a can ya koyi karatu da Faransanci. In ya dawo bayan shekara uku, wane aji za a sa shi? Majalisar Katsina ba ta da iko a kan makarantar Nijar, amma tana da iko ta ce duk yaron da ya dawo a gwada shi a sa shi ajin da ya dace, ba tare da an nemi takardar canjin makaranta daga ginin da rufinsa ya riga ya yaye ba.

Da ni ɗan majalisa ne mai wakiltar Jibiya, da ƙudurin da zan kai gajere ne. A bar wa gwamna ikonsa na rufe makaranta nan take in hatsari ya taso, amma umarnin ya mutu da kansa bayan zango ɗaya sai in an kawo wa majalisa dalilin sabunta shi. Haɗewar da ba ta gaggawa ba kuma, kada a yi ta sai an zauna da kwamitin kula da makarantar da dagaci da iyaye mata, an rubuta abin da suka ce. A rubuta nisan da ɗan aji ɗaya zai iya takawa, in an wuce shi hukuma ta ɗauki nauyin abin hawa ko ta buɗe aji a unguwar da baƙin suka sauka. Makarantar da ta karɓi baƙi a ƙara mata malami da benci kafin su iso, tunda ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma sashen da zan fi kafewa a kansa shi ne na rabuwa. A farkon 2025 shugabannin al'ummar Jibiya sun zauna sulhu da 'yan bindigar yankin, kuma ko me mutum zai ce game da wannan sulhu, wasu mutane sun fara komawa gonakinsu. Manomi yakan koma shi kaɗai da farko, ya bar iyali a gari. Abin da ke sa ya kwaso mata da yara shi ne ya ga rijiya tana aiki, ɗakin shan magani a buɗe, malami ya dawo. Hukuma kuwa takan ce ba za ta tura malami ba sai yara sun taru. Kowa yana jiran kowa, ginin kuma yana lalacewa: an cire ƙofofi da tagogi, kwano ya tafi, mai gonar da ke maƙwabtaka yana ƙara kunya ɗaya kowace damina a cikin filin wasa.

Makarantar da ta yi shekara uku ba ta aika da alƙalumanta a ƙidayar makarantu ta shekara-shekara ba, takan faɗi daga lissafi ba tare da wani ya yanke hukuncin kashe ta ba. Daga nan duk wanda ya nemi a buɗe ta, sai a ce masa sabuwar makaranta yake nema, ya bi layi. Shi ya sa doka ya kamata ta ce makarantar da hatsari ya tayar tana nan da ranta: sunanta da lambarta suna nan, rajistarta daban ko da yaranta suna zaune a ajin wasu, gurbin hedimastanta da na malamanta ba a cike su a wani wuri ba, filinta an auna an yi masa takarda. Kuma a faɗi adadin iyalan da in suka koma, dole hukumar ilimi ta tura malami cikin zango guda, ko da a ƙarƙashin rumfa zai fara. Wannan hedimastan mai yawo da hatimi a jaka, wanda abokan aikinsa ke yi wa ba'a cewa shugaba ne ba mabiya, dokar za ta mayar da shi jami'in da ke da alhakin sanin inda kowane yaro na rajistarsa yake, a Jibiya ne ko Katsina ko Ɗan Isa, ya kuma kai wa sakataren ilimi rahoto a ƙarshen kowane zango.